Kangon Gabukka

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da na ce wa Bappa Hammadu ya nemi wuri ko a kango ne ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, ku saurara da kyau.

A lokacin ina mataimaki a sashen gashi na wani asibiti a nan Gombe. Mataimaki ba likita ba ne, karatuna bai wuce sakandare da ɗan kwas ba. Shugabarmu, Madam Rifkatu, ita ke duba mara lafiya ta tsara masa motsa jikin da ya dace da shi, ni kuma in shimfiɗa tabarma in koya masa har ya iya. Shekarun nan ne da bam ke tashi a tashoshin mota, shingen bincike ko'ina, 'yan gudun hijira na ta shigowa daga gabas, baƙuwar fuska kuwa abar zargi ce a kowace unguwa.

Bappa Hammadu makiyayi ne, dogo siriri, ya haura hamsin. An kwashe masa shanu, ya tsira da ransa ya sauka a Gabukka, gidan mijin 'yarsa, wani tela mai suna Usmanu. Ciwon baya ne ya kawo shi, irin mai lafawa ya dawo. Gashi da magani suna kwantar da irin wannan ciwo na ɗan lokaci, amma abin da ke rage dawowarsa shi ne a ƙarfafa naman ciki da na baya, kullum, a gida. Madam ta tsara masa kala uku: ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙugu, ya durƙusa kan hannu da gwiwa ya miƙe hannu ɗaya da ƙafa ɗaya, sannan ya yi ruf da ciki ya ɗago ƙirji.

Tun ranar farko ya gaya mini burinsa. Wani mai shanu ya yi masa alkawarin kiwo idan damina ta faɗi, in dai zai iya bin garke.

Ya ce, "Ɗana, tuwon gidan suruki ba ya wuce mini maƙogwaro. Ka gyara mini bayan nan in tafi."

Na ce, "Bappa, gyaran yana hannunka. Safe da yamma."

Ya ce, "To."

Ya dawo, babu canji. Ya sake dawowa, babu canji. Mu da muke wannan aiki muna gane wanda ke yi a gida da wanda ba ya yi, jiki ba ya ɓoyewa. Ranar layi ya yi tsawo, raina a ɓace, na ɗaga masa murya gaban mutane na ce yana ɓata mana lokaci. Bai tanka ba sai da na sunkuyo zan naɗe tabarma, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa. A zaure yake kwana, in ji shi, ta nan surukinsa ke shiga da fita, nan yaran shago ke zama da keken ɗinki. Mutumin da ko ruwa ba ya sha a gaban surukinsa, yaya zai kwanta ya ɗaga ƙugu sama, ko ya yi rarrafe kamar ɗan maraƙi?

Iyayena daga Kano suka zo, mu ma mun san kunyar suruki, amma ba irin ta Fulanin daji ba. Sai na yi dariya. Allah ya yafe mini, dariya na yi.

Na ce, "Haba Bappa, kunya ce za ta bi maka shanu? Gabukka fa duk kangwaye ne. Ka nemi wuri ko a kango ne, inda ba mai ganinka."

Ya ce, "To."

Wannan karon da gaske yake. Zuwansa na gaba ya sunkuya ya ɗaura takalminsa ba tare da ya dafa bango ba. Madam ta yaba, ni kuma na yi ta hura hanci kamar ni na ƙirƙiro maganin.

Wata safiya da hantsi Usmanu ya faɗo sashenmu ba ko hula. Ashe maƙwabta sun lura da wani baƙo da ke shiga gidan da ba a gama ginawa ba bayan sallar asuba, yana ruf da ciki, yana rarrafe, yana miƙe hannu kamar mai saita bindiga. Suka kira 'yan sintirin unguwa, 'yan sintiri suka miƙa shi gaba. Ya yi rantsuwa cewa asibiti ne suka koya masa, ba wanda ya yarda.

Usmanu ya ce, "Malam Ɗanlami, don girman Allah ka zo ka gaya musu. Bakinka kawai ake nema."

Madam tana hutu a garinsu. Ni kuwa na san abin da ake faɗa a gari, cewa wanda ya je ya ce ya san wanda aka kama, wani lokaci shi ma ba ya kwana gida. Na tuna 'ya'yana. Na ce masa ni ƙaramin ma'aikaci ne, ƙa'ida ba ta ba ni ikon magana da sunan asibiti ba, a jira shugaba. Ƙa'idar gaskiya ce, amma ba ita ta hana ni ba. Ina da lambar Madam a wayata, ban kira ba, don na san abin da za ta ce.

Ran da ta dawo ta ji labari, ko jaka ba ta ajiye ba.

Ta ce, "Ɗauko tabarmar. Wuce mu tafi."

A gaban jami'an ta sa na kwanta a ƙasa na yi duka ukun, na ɗaga ƙugu, na yi rarrafe, na yi ruf da ciki. Suka yi ta dariya, ɗaya ya ce ashe abin ke nan, shi ma bayansa na damunsa. Aka ce a fito da tsohon.

Ba da ƙafarsa ya fito ba. Ban tambayi abin da aka yi masa ba, amma na ga bayansa. Likitan ƙashi ya duba hoton ya ce jijiyar ta taɓu, sai aiki a babban asibiti, kuma ko an yi ba tabbas. Ƙafar hagu ta daina ɗaukarsa, fitsari ma ba ya iya riƙewa.

Damina ta faɗi, mai shanu ya ɗauki wani. Na je gaishe shi sau ɗaya a zauren nan. Na tarar Usmanu ya tallabe shi yana canja masa zane, tsohon ya juya fuska bango ya rufe ido da gefen rawani. Wanda ya guji ɗaga ƙugu gaban surukinsa, yau surukin ke wanke shi. Na durƙusa na ce ya yafe mini.

Bai juyo ba. Ya ce, "Ba komai, ɗana. Na yi yadda ka ce. Da ya fara sauƙi ma."

Da ya zage ni, da na samu abin riƙewa. Bai ga wata daminar ba.

Abin da na koya ɗan kaɗan ne, kuma ya zo a makare. Motsa jikin nan magani ne na gaske, na ga waɗanda ya tayar. Amma an tsara shi ne don mai ɗaki da ƙofa, mutanenmu kuwa da yawa ba su da ko ɗaya, kuma ba za su gaya maka ba, "to" za su ce. Tun daga lokacin ba na koya wa kowa komai sai na tambaye shi inda zai shimfiɗa tabarmarsa, da wanda zai gan shi. Da yawa sai su yi shiru su dubi ƙasa. Har na bar aiki ban samo musu amsa ba.

Kangon yana nan a Gabukka, an gama shi, an yi masa fenti da ƙofar ƙarfe. Idan hanya ta bi da ni wajen, nakan sauya layi.