Uwar Ango a Bayan Zana

Duk wanda ya taɓa sayen shinkafa a kasuwar Bagudo ya san Hajjo, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai zama kusa da masu albasa, wadda ba ta kiran mai saye, kuma in ta faɗi kuɗin mudu ba ta sake faɗi. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, a Zagga anka haife mu. Ni ce Barira, ƙanwarta, ni anka ba bakin da anka hana ta. Innarmu takan ce in anka ji hayaniya cikin gida ba sai an tambaya ba, ni ce, in kuma anka tarar aiki ya ƙare ba a ga mai yi ba, Hajjo ce.

Sana'arta gumi. Ta sayi shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, hannun manoman Sharabi da Lafagu, ta jiƙa, ta turara cikin rabin duro, ta shanya bisa tamfol, ta kai inji. Da wannan aikin ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Amma ba shinkafa ta yi mata suna cikin mata ba, kunya ce.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunanshi, ba ta yi mishi wasa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Mata da yawa suna ɗan yi su gaji. Ni nawa yana fara tahiya na shiga ƙwala mishi kira tsakiyar hanya, anka yi ta zagina, na ce a yi a gaji. Hajjo kuwa ta riƙe abin da gaske, ga shi kuma yaron sunan surukinta ya ci, Attahiru. Da anka yaye shi, Gwaggo Dela, yayar mijinta da ke aure a Segbana cikin ƙasar Benin, ta zo ta ce riƙo take so. Ina tsaye ta goya shi ta fita. Hajjo na daka a lokacin, yaro na waige yana miƙo hannu, wallahi taɓaryarta ko ɓata kiɗa ba ta yi ba.

Can ya girma, ya yi boko da Faransanci, ya koyi gyaran injin ban ruwa. Dela yake kira Inna. Hajjo kuwa Yaya yake ce mata, don haka ya ji ina kiranta. Da Sallah yakan hawo babur ta Tsamiya ya zo gaisuwa, ya durƙusa bakin ƙofarta, ita kuma ta amsa tana fuskantar tukunya. Daga "lahiya lau" sai ta ce wa ƙannenshi, "Ku ba baƙo ruwa." Baƙo fa! Na sha yi mata faɗa a kan wannan, na ce haba Yaya, ɗa ne ko maƙiyi? Sai dai ranar tuwon gidan ya fi na kullum mai, kuma hannun yara ake aika shi.

Haka anka yi shekara talatin da ɗoriya. In amarya ta haihu ta cika rungumar jariri gaban surukai, tsofaffi su ce mata ta je ta ga Hajjo. Abin da take da shi ke nan a garin nan, kuma ta san da shi.

Bana bayan girbi Attahiru ya nemi aure nan Bagudo, wata yarinya Mashkura. Ranar ɗaurin aure dangi sunka cika ƙofar gidan Malam Badamasi, mijin Hajjo, motoci da babura daga Segbana har layi biyu. Ita kuwa uwar ango tun da safe ta naɗe tamfol ta shige gidan maƙwabta, ta ce tana da shanya. Kowa ya yaba, anka ce ai dama Hajjo ce.

Mai hoton bikin Ma'azu ne, wanda shagonshi ke bakin tasha. Shi yanzu ya bar wanke hoto ya jera cikin albam. Gaba ɗaya yake zuba su wuri guda a intanet, ya ba ka wani ɗan layin rubutu da suke kira linki. Duk wanda ka tura wa, da ya taɓa sai hotuna su buɗe, ba a tambayar sunanshi, ba lambar sirri, ba sai ya yi rajistar komai ba. Abin ya yi mana daɗi, don danginmu a warwatse suke, wasu Zagga, wasu Segbana, wasu har Kwatano. Anka jefa linkin cikin guruf ɗin dangi na waya, kowa ya sha kallo.

Bayan kwana kaɗan sai ga Hajjo gidana da rana. Ta zauna ta yi ta zancen tsadar shanshera, abin da ba halinta ba. Can sai ta ce, idonta na kan tabarma, "Wai abin ga na mai hoto, in mutum ya buɗe, ana sanin shi ne?"

Na ce, "Ba a sani, Yaya."

"Ko shi mai hoton?"

"Ko shi."

Na buɗe mata, na nuna mata yadda ake ja da yatsa. Ta ce hasken waje na hana ta gani, ta shige ɗakina da wayar ta saki labule. Ba ta fito ba sai da anka kira la'asar, ta miƙo mini wayar caji ya ƙare, ta ce zafi ya yi yawa bana. Daga ranar ta mai da gidana wurin zuwa. Ni da ban iya shiru ba, a kan wannan na yi shiru, datata na ƙarewa ina sake sawa.

Mudassiru ne ya ɓata komai. Ɗan Gwaggo Dela ne, taubashin ango, irin yaran nan da ba su ganin abu su bar shi. Akwai jerin hotuna da anka ɗauki ango tsaye ƙofar gida cikin farar shadda, abokai sun kewaye shi, yana dariya. Bayansu zanan gidan maƙwabta ne. Mudassiru ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton, sai ga wata kafa jikin zanan, cikin kafar kuma rabin fuskar mace. Zanen kumatunta ya fito sarai. Ta toshe baki da hannu, hawaye na bin yatsunta, idonta kyam a kan ango. Ya duba na gaba, tana nan. Na gaba ma tana nan. Ɗan banzan ya yanko fuskar ita kaɗai ya jefa cikin guruf, ya bi da murya yana ƙyaƙyata dariya: "Jama'a ku zo ku ga uwar ango tana shanyar shinkafa!"

Kafin na kira shi na wanke shi tas, abu ya riga ya tsallake iyaka ya dawo. Kowa na da linki, kowa ya koma ya buɗa da hannunshi ya tabbatar.

Ranar kasuwa ina gefenta. Wata mai kuka da daddawa ta leƙo ta bayan buhu, ta toshe baki da hannu tana kwaikwayo, rumfa ta ɗauki shewa. Wata ta ce, "Hajjo, ashe ke ma kina leƙe? Mu da anka dame mu da ke!" Na miƙe na ba su amsa daidai da su, har da ƙari. Amma gaskiya ji na yi kamar an yaye mata zane tsakiyar kasuwa, ni ma ban san inda zan sa idona ba. Ita kuwa ta miƙe. Ta ɗaure bakin buhunta rana tsaka, ta aza a kai ta tahi gida.

Kasuwa biyu ta ci ba ita. Shansherar da ta jiƙa ta yi tsami cikin duro har anka zuba wa awaki. Na je na same ta cikin ɗaki ta ja mayafi har goshi, ita kaɗai. Na ce, "Yaya, ke da kika yi kwanaki kina kallon hotunan nan, ba ki ga kanki ba?"

Ta ce, "Ni ban ga zana ba."

Da ta tashi fita, shagon Ma'azu ta ce in raka ta, ita da ba ta taɓa taka shagon hoto ba. Bawan Allah ya rasa inda zai shiga. Ya rantse shi ango ya auna, bai san da mutum bayan zana ba. Ya ce zai cire jerin nan duka, amma wanda ya riga ya ajiye a wayarshi ba shi da iko da shi. Muna tsaye ya cire. Hajjo ta ce mini, don ba ta yi mishi magana kai tsaye ba, "Ki ce mai kar shi ba kowa. Kowa." Ya ce ya ɗauki alkawari, sai da izininta.

Na ɗauka an gama. Sai ga Attahiru ya faka babur ƙofar gidana, ba Sallah ba, ba rasuwa ba. Ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, ya tambayi awaki da kaji, yana ta juya makulli a hannu. Na ce kai, faɗi abin da ya kawo ka, ina da tuwo bisa wuta.

Ya ce, "Inna Barira, hotunan nan na ƙofar gida, na duba ban gan su ba."

Na ce an cire, kuma ya san dalili.

Ya ce ya je wurin Ma'azu, Ma'azu ya ce da alkawari a kansu. Na ce to mi ya hana ka ajiye tun farko? Ya sunkuyar da kai, irin sunkuyon uwar sak. Ya ce wayarshi kowa na ɗauka, Mashkura na ɗauka, abokan aiki na ɗauka, in anka ga hoton ciki da wane ido zai dubi mutane? Can kuwa in ya buɗe ba mai sanin ya buɗe. Na ce ai ga na Mudassiru nan yana yawo. Ya ce, "Wancan an yanke ni. Ni wanda muke ciki mu biyu nike so. Ba mu da wani, Inna." Sannan ya ce, "Ni da na ɗauka ko kamannina ba ta sani ba."

Tuwona ya ƙone ranar. Da ya tahi na ja mayafi sai gidan Hajjo. Na tarar ta sake jiƙo, tana baza shinkafa bisa tamfol da ƙafa. Na faɗa mata duka, ban rage ba, ban kuma saka sunan nan da ba ta kira ba. Ta ci gaba da bazawa, ta kai ƙarshen tamfol ta juyo ta sake bin inda ta riga ta baza.

Na ce, "Abin mai sauƙi ne, Yaya. Ma'azu na iya aika mai shi kaɗai, ya san inda zai ɓoye. Ba wanda zai ji."

Ta tsaya. Ta ce, "In anka aika mai shi kaɗai, ni na aika ke nan."

Na ce to ya za a yi?

"A maida inda yake."

Na ce, "Kin san mi kike cewa? Guruf za su sake gani. Mudassiru zai gani. Matan kasuwa da sunka fara mantawa za su tashi sabo, su ce ke kin ce a maido."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce, "Hoton mai hoto ne. Mai so shi duba."

Ma'azu ya maida su ranar. Yadda na faɗa haka anka yi, har ma ya fi. Ranar kasuwa ta ɗauki buhunta ta koma wurinta kusa da masu albasa. Mai daddawa ta sake toshe baki, anka sake shewa, wata tsohuwa ta wuce ta ce ita kam ta rasa wadda za ta nuna wa jikokinta su koyi kunya yanzu. Wannan ta fi yi mata zafi, na gani a fuskarta. Ta yi awonta kanta a ƙasa har kasuwa ta watse, mudu na zubewa a gefe, ita da ba ta zubar da ƙwaya.

Har yau ba ta kira sunanshi ba. Da ya zo Babbar Sallah tukunya ta fuskanta, sai dai ba ta ce a ba baƙo ruwa ba, cewa ta yi a kawo ruwa. Shi ma ƙasa yake kallo har ya tashi.

Ranar da ta koma kasuwar nan kuwa, da yamma na ji sallama. Ta shigo ta zauna bakin tabarma da ƙurar kasuwa a ƙafarta, ta ce shanshera ta ƙara tsada. Na ce haka ne. Sannan ta ce, ba ta dube ni ba, "Wayarki da caji?"