Ranar da Mma Sanatu ta faɗa gwata

Duk unguwar Maamobi da ke Accra babu wanda bai ji labarin ranar da Mma Sanatu mai waakye, wato shinkafa da wake, ta faɗa gwata ba. Juma'a ce, maza sun yi wanka sun sha fararen kaya za su masallaci. Sai ga ta a guje, mace mai jiki irin nata, da ludayi a hannu. Silifa ya zame. Ji kake tinjim! Ɗankwali ya yi gabas, silifa ya bi ruwa, har yau ba a gan shi ba. Ta fito baƙi ƙirin tun daga wuya har ƙasa, amma ludayin nan bai bar hannunta ba.

Ihun "Ɓarawo!" ne ya fito da ita. Kazeem fita, mai gyaran motocin haya na trotro a bakin titi, ya nemi wayarsa ya rasa, ya ce wani mai kwasar tsofaffin ƙarafa ne ya ɗauke. Kadiri sunan mutumin, daga unguwar Old Fadama yake turo kurarsa. Nan da nan aka kewaye shi, wani da katako, Kazeem da bulo, wani har ya ruga neman taya.

Mma Sanatu ba ta yi boko ba. Tun tana budurwa take dafa shinkafa da wake a lungun nan, rediyo rataye a ƙusa. A bakin rediyon ta ji cewa tsarin mulkin ƙasa ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai alƙali ya saurare shi ya tabbatar. Ta riƙe maganar nan gam. Jikokinta in sun yi faɗa, sai ta ji bakin kowa kafin ta ɗauki bulala. Maƙwabta ma na cewa akuyar da ta taɓa cinye mata ganyen zuba waakye sai da aka nemo shaidu kafin a kore ta.

Ta nufi taron tana ɗiga. Abin da roƙo ba zai yi ba, wari ya yi: masu fararen kaya suka dare biyu. Ta cafki Kadiri, goshinsa na jini, ta tura shi cikin shagonta, ta datse ƙofa, ta jawo benci ta zauna daram.

"Mma, ki matsa," in ji Kazeem, yana toshe hanci. "Wayata ce fa!"

"Ka gan shi da idonka?"

"Kowa ya san shi ne."

"To kowan nan ya je ya faɗa wa alƙali. Wanda ke son shi yanzu, ya zo ya ɗaga ni. Wallahi rungume shi zan yi, ya je masallaci a haka."

Ta buɗe hannuwa. Kowa ya dubi jalabiyarsa, ya ja baya. Haka ta zauna, ƙudaje na yi mata fadanci, har 'yan sanda suka iso suka tafi da Kadiri da kurarsa. Washegari ta kai masa waakye da ƙwai, ta kuma tsaya a kan 'yan sandan da tambayar yaushe za a kai shi kotu, har suka gaji da ganinta.

Aka je kotu. Ashe an sami wayar a ƙarƙashin ƙarafan da ke cikin kurarsa. Kadiri ya amsa laifinsa, alƙali ya ɗaure shi 'yan watanni.

Kazeem ya zo sayen waakye, baki har kunne, ya ɗaga murya don layi ya ji.

"Mma lauya! Kin sha ruwan gwata a banza. Ɓarawo kika ɓoye!"

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da zuba masa shito, miyar nan ta barkono.

"Yaushe na ce bai sata ba, ɗan nan? Cewa na yi a saurare shi. Alƙali watanni ya ba shi, da babbar Sallah zai ga 'ya'yansa. Kai da bulonka, yaushe ka shirya zai fito?"

Kazeem ya fara sosa ƙeya. Ta miƙa masa abincinsa.

"Karɓi. Kuma ka riƙa gaishe ni da kyau. Da wannan fuskar taka, ranar da za a yi maka ihu ba ta da nisa, ni kuwa ba kullum nake jin faɗawa gwata ba."