Tamis ɗin da Aka Gasa a Wajen Iyakar Makka

A unguwar Utaibiyya ta Makka ba mai kiransa Noboru. Abdulwasi'u ake ce masa, ko Bajapanen Baba Mukhtaru. Yana ɗan shekara goma sha tara ya musulunta a birnin Kobe, ya bar shagon burodin mahaifinsa, ya zo Makka karatun Larabci, shi kaɗai da jaka ɗaya. Karatun bai zauna ba. Abin da ya riƙe shi tanderun Baba Mukhtaru ne, Basakkwacen da aka haifa a nan. A hannunsa ya koyi manna tamis, gurasar tanderu, a bangon wuta, ya koyi Hausa da karin Sakkwato, daga baya ya auri 'yar gidan, Fatsuma. Da tsohon ya rasu, tanderun ya dawo hannunsa.

Shekara ashirin da shida yana aika wa mahaifiyarsa wasiƙu. Ba ta taɓa amsawa ba, har mahaifinsa ya mutu aka rufe shagon. Sai bara ƙanwarsa ta kira shi: tsohuwa za ta yada zango a Jidda na yini guda, kuma ta ce ya kawo mata abin da ya bar gidan ubansa dominsa.

Ba musulma ba ce, ba za ta shiga Makka ba. Aka shirya ta jira a wani wurin hutawar matafiya bayan iyakar Harami, zuwa ƙarfe goma sha ɗaya, sannan ta wuce filin jirgi.

Tamis kuwa ransa gajere ne. In ya huce, ya zama fata. Ya fitar da uku ƙarfe tara da rabi, ya naɗe a tawul biyu, Fatsuma ta rungume su a cinya. Ba su yi nisa ba motoci suka tsaya cak, wata tankar ruwa ta lalace a gaba. Ƙarfe goma. Goma da kwata. Yana ta miƙa hannu yana taɓa tawul.

"Abu Rawan, ka riƙe sitiyari. Taɓawarka ba wuta ba ce," in ji Fatsuma, da alkunyar da take kiransa da ita.

"Ya huce, Fatsuma. Mi za ni ba ta? Takalmi?"

Saura minti ashirin suka iso. Tsohuwar na tsaye a inuwar rumfa, ƙarama, da farar hula, jakarta a hannu, ƙanwarsa na gefenta. Ya sunkuya mata irin gaisuwar ƙasarsu. Ba ta sunkuya ba. Tawul ɗin take kallo.

Fatsuma ta buɗe bayan mota ta sauke kula. A ciki akwai curin ƙullu huɗu da ta ɗebo da safe ba ta faɗa masa ba. Ta nuna masa shagon wake da ke gefe, hayaƙi na tashi daga tanderunsa. Mai shagon, wani mutumin Maraɗi mai suna Maman, ya ga Bajapane yana roƙonsa aron wuta da Sakkwatanci, sai ya kauce yana dariya.

"Bismilla, maigida. Amma ta fi taku zafi ta gefen hagu."

Abdulwasi'u ya naɗe hannun riga. Tabon ƙuna ne jere daga wuyan hannu zuwa gwiwa, tsoho a kan tsoho. Ya buɗe ƙullun, ya jejjefa masa yatsu, ya sunkuya cikin tanderun da bai sani ba. Tsohuwar ta matso har zafin ya taɓa fuskarta.

Ya ciro, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta gutsura, ta daɗe tana taunawa. Ƙanwarsa ta duba agogo. Sannan tsohuwar ta yi magana, gajeriya, idonta a kan tabon hannunsa.

"Me ta ce?" Fatsuma ta tambaya a hankali.

"Ta ce gefe guda ya ƙone. In sake wani."

Tsohuwar ta aje jakarta a ƙasa, ta jawo kujerar Maman ta zauna.