Gudun Yaya da Zanen Atamfa

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, garin Haɗeja yana sauran barci, ban da masu ƙosai da suka fara hura wuta a bakin titi. Tun dawowata na so in ba ku labarin wannan tafiya, 'yan'uwana da muke kwaleji tare, don na san idan muka koma makaranta surutu ba zai bar ni in faɗe shi a tsanake ba.

Yayana malamin firamare ne, kuma yana cikin wata 'yar ƙungiya da mutanen gari suke kira 'yan gudun asuba. Tun da aka ba mu jiha ma'aikata suka ƙaru a garin, ƙungiyar ma ta ƙaru: akwai malamai, akwai ma'aikatan gona, akwai wani tela, akwai mutanen Filato da na kudancin Kaduna da aiki ya kawo su. Sau ɗaya a shekara, idan kaka ta yi ruwa ya fara janyewa, sukan yi babbar fita. Su hau keke daga gari zuwa bakin kogi, su ƙetare da iyo, sannan su kama gudu har wani ƙauye ta wajen Auyo. Ba su da agogon da kowa ya yarda da shi, don haka dokarsu ɗaya ce: wanda ya taɓa tsamiyar ƙofar masallacin ƙauyen kafin a kira Azahar, shi ne ya gama, a ba shi koriyar riga da telan nan yake ɗinkawa da hoton zalɓe a ƙirji.

Sau biyu Yaya yana gwadawa, sau biyu kiran salla yana riskarsa a hanya. Abin dariyar shi ne ladanin ƙauyen surukinsa ne, mahaifin matarsa, dattijo mai ɗingishi wanda bai taɓa yi masa rangwame ba. Inna kuwa ta gaji. Ta ce magidanci mai ɗa ba ya yawo a guje kamar wanda ya yi ɓarna a kasuwa. Da bakinsa Yaya ya yi mata alkawari, in bana ma rigar ta kuɓuce masa, zai ajiye takalman gudun har abada. Ni da nake jin ƙarar takalman nan kowace asuba na san abin da alkawarin yake nufi a wurinsa.

Aikina a tafiyar ɗaukar ruwa da lemo. Na hau bayan babur ɗin wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, wadda kowa yake kira Sista, ita ce mai kula da duk wanda ya jigata. Kekuna suka yi gaba a jere, sarƙoƙinsu suna ƙara, mu muna biye a hankali.

Da muka bar kwalta sai duniya ta buɗe. Fadama ce iya ganin ido, shinkafa ta yi nauyi ta sunkuya, hazo siriri yana kwance a kanta kamar mayafin da aka manta. Balbelu suna tsaye a ruwa ba motsi. A wasu wuraren furen bado ya rufe tafki har ba ka ganin ruwan, sai wani ɗan tsuntsu mai dogayen yatsu yana takawa a kan ganye. Na so a tsaya in ƙare kallo, amma Sista ta ce ita ba ta zo ƙirga tsuntsaye ba. Hanyar kuwa laka ce da ta bushe da sawun shanu a jikinta, kowane rami sai ya gaisa da ƙashin bayanka. Mutanen da muke wucewa sukan dakata da aiki su bi kekunan da kallo. Wata tsohuwa mai tallar nono ta tambaye mu ko lafiya, wa ya rasu? Da Sista ta ce motsa jiki ne, sai ta ce Allah ya ba su lafiya, cikin muryar da ake yi wa majinyaci.

Hantsi ya fara ɗagawa muka isa bakin kogi. Aka jingine kekuna a gidan Bulama, mai garin wurin. Nan na ci soyayyiyar ƙarfasa mai zafi da yaji, da kuɗin da a kasuwar gari ba zai saya maka rabinta ba. Masunta suna kwance ruf da ciki a kan manyan goruna, suna shawagi a ruwan kamar agwagi, suna yi wa 'yan ƙungiya tsiya wai ga kwalekwale a banza mutane suna neman wahala. Mu da babur aka ɗora mu a kwalekwalen. Daga ciki nake hango kan Yaya yana nitsewa yana ɓullowa, ruwan yana jan sa gefe a hankali, shi kuma yana yankawa ba gaggawa. A bara nan ne ya ɓata ƙarfinsa. Bana kuwa cikin na farko ya fito, ya ɗaure takalmansa, ya ɗaga mini hannu yana murmushi. Na ce a raina, yau kam rigar tasa ce.

Sai dai ruwan bana bai gama sakin tsohuwar hanyar ba. Shugaban ƙungiya ya ce a bi ta kan gaɓar gonakin shinkafa, a kewaye wani dogon tafki, a shiga ƙauyen ta gabas. Ba wanda ya tuna gonar wa ke kan wannan gaɓa.

Muna tafe a bayansa, rana ta take, gumi yana sheƙi a wuyansa, sai na ga Yaya ya ja birki ya faɗa bayan kacalla, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa. Na zaci jijiya ce ta riƙe shi. Da muka matso ya nuna mana gaba da haɓa. Ga surukinsa zaune a gindin wata ɗinya a bakin hanya, lauje a gefensa, yana hutawa. Yaya kuwa daga shi sai singileti da gajeren wando, gwiwoyi a waje. Dogon wandon da ya tanada don shiga ƙauyen yana cikin jakar da aka riga aka wuce da ita.

"Malam, wuce abinka," in ji Sista. "Ka gaishe shi a masallaci."

"Haba Sista. A tsaye ma ba na wuce shi, balle a guje." Ya juyo gare ni. "Auta, ina zanen da kika zo da shi na salla?"

Atamfa ce mai manyan furanni ja. Ya ɗaura ta har idon sawu, ya kwance takalman da ya ɗaure da kyau, ya riƙe su a hannu, ya taka ya je ya durƙusa nesa kaɗan da dattijon, kansa a ƙasa. Mu ma muka sauka muka durƙusa.

Kun san gaisuwar mutanenmu na fadama. Lale, lale. Ina kwana, ina gajiya. Ya ruwa, ya sauro, ya tsuntsu a gona. Ya mutanen gida, ya Inna da ƙafarta, ya mai sunan malam, haƙoran sun fito? Dattijon bai tsallake kowa ba, Yaya kuma bai gajarta amsa ko ɗaya ba. Ina ji ina gani waɗanda ya bari a baya suka zo suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, har telan nan mai tumbi. Inuwar ɗinyar tana ta tattarewa zuwa gindinta, zuciyata tana tattarewa tare da ita.

Can dattijon ya dubi zanen, ya dubi takalman, fuskarsa ba alamar dariya.

"Har yanzu ba ku kama abin da kuke bi ɗin ba?"

"Da saura, Baba."

"To. Allah ya sa a kama." Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dafa sandarsa ya miƙe. "Ni zan wuce masallaci."

Daga gonar akwai 'yar gajeriyar hanya da take ratsawa kai tsaye zuwa ƙauyen, Yaya kuwa sai ya kewaye tafki. Wani maƙwabcin gona ya turo kekensa ya ce wa dattijon, "Malam, hau in rage maka hanya." Na runtse ido. In ya hau keken nan, magana ta ƙare.

"A'a, je ka," in ji dattijon. "Yau ƙafar nan nake so in motsa. An ce tafiya magani ce." Ya dubi Sista. "Ko ba haka kuke cewa a asibiti ba, likita?"

"Haka ne, Baba," ta ce da sauri. "A hankali ma ya fi."

Sai da ya ba da baya Yaya ya sa takalma, ya naɗe zanen a wuya, ya zura.

Mu muka riga Yaya da dattijon zuwa gindin tsamiya. Matan gidan surukan Yaya sun kawo fura da dafa-dukar shinkafa sabuwa, amma na kasa taɓa komai. Waɗanda suka iso suna kwance a inuwa suna haki. Dattijon ya ɓullo yana ɗingisawa, ya jingine sanda, ya ɗauki buta. Ban taɓa ganin alwala mai natsuwa irin wannan ba, kowane yatsa sai da ya sami haƙƙinsa. Ya gyara rawani. Ya hau 'yan matakalan ƙasa na gefen masallaci, yana hutawa a kowace. Da ya kai sama ya sa hannu ya kare ido, ya dubi rana, sannan ya dubi gabas.

Daga gabas ɗin wani abu ja ya ɓullo. Yaya ne, ya sake ɗaura atamfar don ba zai shiga garin surukai da gwiwa a waje ba, ya tattare ta da hannu ɗaya yana gudu, furanni suna kaɗawa. Mata suka fashe da dariya suna rufe baki, 'yan ƙungiya suka miƙe suna ihu. Dattijon ya yi gyaran murya, ya kai hannu kunne. Tafin Yaya ya sauka a jikin tsamiya, sannan kabbarar farko ta tashi ta bi kan fadama.

Ba zan ce an jinkirta salla ba. Lokacinta ne, liman ma bai ce komai ba. Bayan an idar kuma surukin bai ko kalli inda ake ba da riga ba, ya koma gonarsa, kuma na lura a kan keken maƙwabcin nan ya koma.

Da la'asar muka sake ƙetare kogi, aka loda kekuna a bayan wata akori-kura. Rana tana gangarawa, ruwan fadama ya zama kamar narkakken tagulla, garken agwagin daji suna dawowa masauki. Yaya ya yi barci a zaune, rigar a kan cinyarsa, hannunsa a kan zalɓen. Ni kuwa ina ta tunani. Na fita da zaton cewa abin da ake koya a irin wannan tafiya juriya ce, ƙarfin ƙafa da na numfashi. Na dawo da wani abu daban. Na ga mutum ya ajiye abin da ya fi so a ƙasa tare da takalmansa don kada ya wuce babba a guje, na kuma ga babban ya mayar masa da shi ba tare da ya ce uffan ba. A cikin littattafan da muke karantawa ƙauna yawan magana gare ta. A fadama ban ji ta furta komai ba.

Mun shiga gida ana kiran Magariba. Inna ta karɓi rigar, ta juya ta gaba da baya, ta ce ɗinkin bai yi kyau ba. Ta tambayi abin da ya sami zanena, na ce labarin da tsawo. Takalman Yaya suna bakin ƙofa, laka ta kama su har wuya. Da na fito alwalar asuba washegari, na same su a wanke tas, an jingine su a jikin murhun Inna don su bushe da wuri.