Jirgina Mai Ƙaho

Shekarar da na faɗo daga babur a hanyar Tsafe, kafaɗata ta dama ta goce. Mai ɗori ya ce in manta da tura kwale-kwale da gora. Gonata kuwa tana hayin gulbi, kusa da Bungudu, da damina ba abin da ke kai ka can sai jirgi. Yayana ya ce in ba wani aron gonar. Raina ya ɓaci, har na kwana biyu ban gaishe shi ba.

Na ɗinke buhunan taki guda shida, na kafa sanda a tsakiyar jirgin na ɗaura su, don iska ta yi mini aikin kafaɗa. Iskar ta tura, amma sai hancin jirgin ya riƙa juyawa yana fuskantarta, in yi ta zagaye a tsakiyar ruwa mutanen bakin gaɓa suna dariya. Sai na samo gora mai kauri a Gusau, na ɗaure ta a hancin, ta zarce gaba kamu uku. Na ja igiya daga bakinta zuwa kan sandar, na rataya ƙaramin buhu. Shi ya riƙe hancin, jirgi ya miƙe.

A mashiginmu kowa da hanci yake shigo da jirginsa, a jera su kafaɗa da kafaɗa. Ranar farko gorata ta tsokane kwandon tumatirin wata tsohuwa. Sarkin ruwa, dattijon da ke kula da mashigin, ya kira ni.

"Malam, wanga ƙaho na mi na? Jirgi na ko bajimi? Ka yanke shi, ko ka nemi wani mashigi."

Na ce, "Baba, ba ni yanke shi. In na yanke, gonata na yanke."

Na ba tsohuwar haƙuri, don ita ce mai gaskiya. Washegari na juya jirgin tun daga nesa, na shigo da baya, abin da ba a taɓa yi ba a wurin. Aka yi ta shewa. Sarkin ruwa ya duba, ya rasa dokar da na taka.

Da kaka yayana ya taya ni ɗauko gero, a jirgin ya zauna. Har yau hannuna ba ya ɗaguwa sama da kunnena, har yau da baya nake shigowa. Jiragen kowa suna kallon gari, nawa ƙahonsa yana nuna gonata.