Baba Uwaisu Mai Kira Ɗaya

Da an sallame sallar asuba a Kwatarkwashi, kowa ya saɓi fartanya, shi kuwa Baba Uwaisu sai ya sauya riga. Yana da ta masallaci, yana da ta karnuka, ba a taɓa ganin ya rataye su a igiya ɗaya ba. Ya ɗauki sakaina da ɗumamen tuwo ya nufi gindin dutse, ƴan kwikwiyo na biye da shi. Ba nasa ba ne. Na manoma ne, wasu daga Nahuce, wasu tun daga Bilbis aka kawo su cikin kwando, bisa jaki ko a bayan motar gyaɗa mai zuwa Gusau.

Mutumin birni zai ce me manomi zai yi da horarren kare? Ya zo ya ga gonar jikin dutse in dawa ta nuna. Gwaggon biri kan sauko garke guda, kuma kare kaɗai ke korarsu. Amma birin nan ba wawa ba ne. Sai ya yi kamar ya tsorata, ya ja kare sama, inda manya ke jira. Karen da ya wuce babbar tsagar dutsen ba ya dawowa. Don haka aikin Baba guda ne: kare ya juyo in an kira shi, ko da bakinsa na dab da wutsiyar biri.

Yaya yake yi? Wasu sun ce laya ce, wasu sun ce saiwa yake sa musu a tuwo. Na je na zauna na duba. Ban ga komai ba sai tsoho mai naci. Sau ɗaya yake kira. In kare ya zo, ga loma. In ya ƙi, ba ƙarin kira, ba jifa. Tashi yake ya bi shi duk inda ya shiga, ƙaya ko kwazazzabo, ya sa masa igiya, ya dawo da shi daidai inda aka yi kiran. Gobe haka. Jibi haka.

Na ce, "Baba, ka ƙara kira mana, ka huta."

"In na yi na biyu, na koya mai na farko wasa ne."

A tambayi Lantana. Mijinta ya rasu ya bar mata ƴaƴa da gona ta ƙarshe a jikin dutse, dawar nan kuwa ita ce abincinsu na shekara. Bara waccan birai suka cinye rabi. Ta kai wa Baba karenta, Duna. Ya dawo da ladabi, bai daɗe ba ya lalace. Ta aika a kira tsohon.

"Baba, karen ga kunnen ƙashi gare shi."

"Kira shi in gani."

"Duna! Duna! Kai Duna! Ɗan banza, Duna!" Da ta gaji sai ta koma tsinkar wakenta.

"To," in ji Baba, "kin yi mai waƙa, ya saurara. Mi ya rage?"

Ƙanen mijinta, Lawali, ya fashe da dariya. Baba ya juya kansa. "Kai kuma na ji in ya saci ƙashi kiranshi kake ka dake shi. In ni ne, Lawali, ko da kilishi ka kira ni ba ni zuwa."

Damina guda Baba yana zuwa gonar nan, ba wanda ya sa shi. Lantana ta kira sau ɗaya, Duna ya ƙi, Baba ya nuna mata hanya da sanda. Ta ɗaure zane ta bi kare cikin ƙaya, masu wucewa na tsokana: "Lantana, an koma farauta?"

Ta juya ga Baba. "Wai ni za ka horar ko kare?"

"Shi ya sauke tun tuni. Ke muke jira."

Kai ne, Baba, ka jure zaginta na ƙasa-ƙasa, ka yi kamar kurma, washegari ka dawo.

Da kaka, wani hantsi, birai suka sauko. Baba ba ya nan. Duna ya fatattake su, ya bi su sama. Lawali na gonarsa, ya ce da idonsa ya ga manyan zaune bayan tsagar, shiru, suna jira. In kare ya tafi, dawa ta tafi. Lantana ta kira, sau ɗaya. Sa'an nan ta toshe bakinta da hannu biyu don kada na biyun ya fito. Duna ya tsaya a bakin tsagar, ƙafa ɗaya a sama. Ya dubi biran. Ya juyo.

Waccan kakar rumbunta ya cika.

Bana Baba ya ajiye aiki. Ba wanda ya ce ya bari. Wani kwikwiyo ne ya ƙi kira ya haye dutse, Baba ya tashi ya bi shi, gwiwa ta ƙi. Da rarrafe ya kamo shi ya dawo da shi wurin kiran. Ranar ya aika wa masu karnuka kowa ya zo ya ɗauki nasa. Aka ce ya zauna ya riƙa kira, wani ya yi masa gudun. Ya girgiza kai.

"Kiran da ba ni iya bi, ba ni yin shi."

Mun gode, Baba Uwaisu, mai kira ɗaya. Kai ne ka sha warin karnuka domin wasu su sha fura. Allah ya sassauta gwiwa, ya saka da alheri. Mu kuma da ke da ƴaƴa, ko leburori, ko ƴan aji, mu daina ihun da ba mu shirya tashi mu bi ba.

Wanda ke da kwikwiyo kada ya damu. Da safe ya je gindin dutse. Zai tarar da wata mata da sakainar Baba a hannu, zanenta duk ƙaya.