Takina da Surukina

Idan na ce maku an taɓa yi mani fashi da rana tsaka, a cikin gidana, ba bindiga ba sanda, kuma har na durƙusa na yi wa mai fashin godiya, na san za ku ce na fara halin nawa. To ku yarda ko kar ku yarda, an yi. Ko zan manta sunan kakana, ba zan manta da wannan ranar ba.

Lokacin ba mu daɗe da baro ƙauyenmu na wajen Tafoki ba. Gona ta gagara zuwa saboda masu bindiga, wanda ya je ma bai da tabbacin dawowa, sai muka tattaro muka kama haya cikin Faskari. Maiɗakina ta koma gasa kek a tukunya da yashi tana saidawa, ni kuwa da na tashi da fartanya a hannu sai na koma gwanin zaman benci. Abu ɗaya ya hana ni haukacewa: wani ɗan fili a ƙuryar gidan, wanda in jaki ya kwanta cikinsa sai wutsiyarsa ta leƙa maƙwabta.

Nan na haƙa rami na fara haɗa taki. Tokar murhu, kashin awaki, ƙaiƙayi, ganyen darbejiya, da ɓawon ƙwan da maiɗakina ke fasawa in za ta yi kek. Duk akuyar da ta ɗaga wutsiya a unguwar nan ta san ni, don ina biye da ita da tsohon kwano. Rani guda ina juyawa ina yayyafa ruwa, har ya ruɓe ya yi baƙi wuluk, ya yi laushi kamar garin kuka. Na tara tsofaffin buhunan siminti da zan yi shuka a ciki, na gama tsara komai a kaina: nan tumatir, nan attaruhu, kuɓewa jikin katanga, yakuwa bakin rariya. Ruwan farko kawai nake jira. Ba miyar ce ta dame ni ba. So nake in sake ganin abu ya tsiro daga hannuna.

Ana haka sai ga surukina daga Daudawa, ya biyo a-kori-kurar maƙwabcinsa da ta kawo masara kasuwa, wai ya zo ganin jikoki. Na tuɓe takalma tun daga zaure, na zube ƙasa na kwashi gaisuwa. Maiɗakina kuwa ɗiyarsa ta fari ce, ko sunanta ba ya faɗa, sai ta aje mashi kek mai zafi da ruwa ta koma kicin. Ya ci, ya lashe yatsu, ya ce bari ya kama ruwa. Hanyar kewayen kuma ta bakin ramina ta bi.

Na ji shiru ya yi yawa, na leƙa. Na ishe Baba tsugune, ya damƙo takin yana murzawa yana sunsunawa, idonsa na ƙyalli kamar na wanda ya tsinci zinari. Manomi ne tun kafin a haife ni, ya fi ni sanin abin da ya riƙe.

"Malam," ya ce, "yanzu cikin wannan juji kuke zaune da yara? Ga damina ta kawo kai, ga sauro."

"Baba, ai ɗan taki ne nike..."

"Taki? Kai da ba ka da gona, mi za ka yi da taki?"

Maganar nan ta shige ni kamar ƙaya. Amma ku faɗa mani, wane ɗan halas ne zai tsaya musu da uban matarsa? Na sunkuyar da kai ina kallon babban yatsan ƙafata.

"Kar ka damu," in ji shi. "Motar nan ba kaya za ta koma. Bari in raba ku da ƙazanta, ai zumunci ya wuce haka."

Direba ya kawo mota ƙofar gida, ya ce shi ya tafi cin abinci. Sai kawai Baba ya naɗe hannun riga, ya ɗauki shebur ɗina, ya caka, ya yi wani nishi da na tabbata an ji shi har Sabuwa. Ya dafe ƙugu. Maƙwabta kuma sun fara leƙe. In na bar tsoho da shebur ina tsaye, kafin la'asar labari ya kai Ƙanƙara cewa ɗiyarsa na auren marar tarbiyya. Na amshi shebur. Buhunan da na tara don tumatir, su na cika. Ni na ɗauka a ka, ni na loda, shi yana zaune a inuwa yana cin kek na biyu yana nuna mani inda na bari: "Ga wani can lungu, Malam, kankare da kyau." Na kankare har ramin ya yi tas, ko tururuwa ba ta samu abin kai wa 'ya'yanta ba.

Da za su tafi na durƙusa na ce, "An gode, Baba, Allah ya bar zumunci." Ya ce ba komai, in wani ya taru in aika.

Ruwa ya sauka bayan 'yan kwanaki. Na tsaya bakin ramin ina kallo yana cika da ruwa. A shekarar nan kwaɗi kaɗai na noma. Masarar Baba kuwa, an ce sai da tsani ake karya ta. Abin da na koya shi ne, kunyar da aka raine mu da ita ba kowa take ci ba, tana zaɓen wanda ya riga ya rasa, ta ƙarasa shi. Masu bindiga sun raba ni da babbar gona ina zaginsu, ƙaramar kuwa da godiya na miƙa.

Haushin ya rasa inda zai sauka sai kan maiɗakina. Na same ta tana kaɗa ƙwai, na ce, "Ke kina ji kina gani mahaifinki ya kwashe ni kaf, ko tari ba ki yi ba?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni dai kek na ba shi, kuma da niyya na ba shi. Kai da ke da gemu, wa ya riƙe shebur?"